Mu da Masu Jegonmu

Mu dai a unguwa, in aka ce wance ta sauka, kafin ungozoma ta gama wanke hannu labari ya tsallake katanga uku. Wannan ta figi mayafi, waccan ta bar tukunya a wuta ta ce wa babbar 'yarta ta riƙa dubawa, wata kuwa tun daga soro take rangaɗa guɗa. Mu cika ɗaki, a miƙo mana jariri, mu yaye zani mu leƙa fuska, sai rabon kamanni ya tashi: hancin nan na ubansa ne sak, goshin na kakarsa ta wajen uba, ku dubi kunnen, baƙi zai yi, kada farin nan ya ruɗe ku. Sai mun gama shari'ar hanci da kunne tukuna mu waiwayi wadda ta kwana tana murƙususu, mu ce sannu da ƙoƙari, Allah ya raya, yaya ruwan zafi? Ita ma ta san amsar da ake jira tun zamanin kakanni. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Da wannan an sallami kowa.

Kada wani ya ce Bahaushe ba ya tattalin mai jego, wallahi yana yi, har ma ya wuce gona da iri. Tun ciki na wata bakwai ake tara itace. Da an haihu tsohuwa ta ɗaura ɗamara, a ɗora tukunya safe da yamma, a tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya a tafasasshen ruwa a yi ta fyaɗa wa baiwar Allah har jikinta ya yi ja. Ta fito tana haki a tare ta da kunun kanwa, ga gasasshen nama, ga yaji mai sa hawaye, ga ƙauri kafin suna, ga ɗaurin ciki da tsohon zani. Mukan ce kabarin mai jego a buɗe yake har kwana arba'in, kuma babban abin tsoronmu shi ne kada sanyi ya shige ta. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, irin su Parry da Davidson, suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Zazzau, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Gidaje da yawa sun sassauta, wasu kuwa har gobe tsohuwa cewa take likita bai taɓa haihuwa ba. Ko ma dai wane ɓangare kake, abin lura shi ne duk gardamar tamu a kan jiki take. Mun san zafin ruwan da ya kamata, mun san yawan yajin, mun san ranar da cibiya za ta faɗi. Abin da ke kai-kawo a ran yarinyar nan da ke zaune a gefen gado, wannan ba ya cikin lissafin kowa.

Ranar suna kuwa ba a magana. An yanka rago, wanzami ya yi aski, ƙawaye sun fito da anko, dangin miji sun zo da kayan barka ana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya ana ƙirga turame, dangin mace na gefe suna auna ko an yi abin kirki. Mai jego da ɗinkinta bai warke ba za a zaunar a yi mata kwalliya, ta sake kaya, ta tsaya hoto da wannan ta tsaya da waccan, ta yi ta murmushi har muƙamuƙinta ya gaji. Magariba na yi kowa ya ɗauki ledarsa ta waina da nama, a bar mata tsakar gida da tulin kwanuka. Washegari gidan ya yi tsit, kuma daga nan ne ainihin jegon ke farawa.

Sabon jariri kan sha nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, ba ruwansa da agogo. Maigida kuwa, da yake yana da fita da safe, tuni ya kwashi filonsa ya koma falo ko ɗakin abokiyar zama, kuma babu mai ganin laifinsa, mu ne ma muke cewa ai namiji ba ya kwana da kukan jariri. Ita ke nan da shi daga sallar isha'i har kiran assalatu, ta jijjiga, ta ba shi nono, ta sake masa tsumma, ta kwantar, ya sake tsala ihu. Gari ya waye ga 'yan makaranta, ga wanki, ga masu zuwa barka da ba su sami zuwa suna ba, kowacce sai an tashe ta an gaisa. Ƙato ma a hana shi barci mako biyu a ga yadda zai koma, balle wadda ta zubar da jini, ta fito daga yaƙin mata.

To, a cikin wannan hali ne wata za ta fara canzawa. Ta daina hira. A ajiye mata farfesu ya huce ba ta taɓa ba. Jaririn ya yi barci, ita idonta biyu tana kallon rufin ɗaki. Abu kaɗan ta fashe da kuka, ko ta hau yaran da faɗa har su riƙa rakuɓewa. In Allah ya sa ta buɗe baki, abin da za ta ce bai wuce, Inna, ni dai raina ba daɗi, ko kuma, Yaya, kaina ya yi min nauyi, ji nake ban iya komai ba. Mu kuma amsoshinmu a shirye suke, kowacce da nata a baka. Ke da Allah ya ba ki kyauta, wasu na can suna neman haihuwa ido rufe? Wannan ai butulci ne. Shagwaɓa ce irin ta yaran zamani, mu da muka haifi goma muna surfe da goyo a baya wa ya ji kukanmu? Yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci. Sai ta haɗiye sauran maganar, don an riga an koya mata cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Alhali mu ne dai masu cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskar tana gabanmu kullum.

Abin nan ciwo ne, likitoci sun san shi, ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu a duniya kan gamu da larurar ƙwaƙwalwa, mafi yawa wannan damuwar, a ƙasashe masu tasowa kuwa abin ya kusa kashi 20 cikin 100. Mace ɗaya cikin biyar ke nan. A ƙirga sunayen da aka ci shinkafarsu a layinmu daga azumin bara zuwa yanzu, a raba biyar, a ga ko ba a san fuskokin ba. Kuma ruwa ba ya tsami banza. Da zarar mabiyiya ta faɗo, sinadaran da suka riƙe cikin wata tara kan sauka a jini cikin 'yan kwanaki, shi ya sa mata da yawa kan yi kukan da ba su san dalilinsa ba a kwana na uku ko na huɗu. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Wanda ya zarce mako biyu, ya hana ci, ya hana barci, ya hana jin daɗin ɗan da aka haifa, shi ne abin dubawa, kuma yana iya tasowa ko bayan arba'in, ko'ina cikin shekarar farko. Ƙarancin jini da matsalar maƙoshi mai kawo maƙoƙo su ma kan ƙara nauyin. Wadda ta taɓa yin irin wannan damuwa a baya, ko tana da ciki, ko a danginta akwai, ta fi kusa da shi.

Wannan na jiki ke nan. Sauran kuwa, mu faɗa wa juna gaskiya, da hannunmu a ciki dumu-dumu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, amma yau kowa ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa.

Tambayarmu ta farko a bakin ƙofa ita ce, me aka samu? In aka ce namiji, guɗar har maƙwabta. In aka ce mace, kuma ita ce ta huɗu a jere, sai ka ji an ce to, Allah ya raya, Allah ya kawo na bayanta, da wata murya da ko kurma ya san ma'anarta. Uwar tana kwance tana ji. Abokiyar zamanta mai 'ya'ya maza tana tsakar gida tana ta hidima da fara'ar da ta fi ta kullum, wannan ma tana ji. In kuwa aiki aka yi mata aka ciro ɗan, sai a yi ta jajantawa da baki, a bayan ido kuma a ce ragwanta ce, 'yan boko ba sa son wahala, kuɗin asibitin da ya ci jarin maigida ma a wuyanta za a rataya. Wadda jaririnta ya koma kuwa, kafin hawayen farko ya sauka mun rufe ta da kada ki yi kuka, mai ceto ne, Allah zai ba ki wani. Gaskiya ne, mai ceto ne in sha Allahu, amma ga nono ya cika yana zuba babu mai sha, kuma babu wanda ya zauna ya bar ta ta ambaci ɗan nata ko sau ɗaya.

Sai kunyar ɗan fari, wadda muke alfahari da ita. Yarinya 'yar shekara goma sha shida ko sha bakwai ta haihu, an ce kada ta kira sunansa, kada ta yi masa wasa a gaban manya, in yana kuka ta kau da kai sai an ce ke ɗauke shi mana. Kyakkyawar tarbiyya ce a idonmu, kuma yawancin masu yin ta suna son 'ya'yansu har cikin ɓargo. Matsalar ita ce ɗaya daga cikin alamun ciwon nan shi ne uwa ta ji ɗanta bai shiga ranta ba, ta riƙa kallonsa ba ta jin komai, tana zargin kanta a ɓoye. A gidan da ake yabon mai kau da kai, wa zai rarrabe kunya da ciwo? Sai ma a yi ta sa mata albarka, kai wance akwai alkunya.

Amma inda muka fi ƙwarewa shi ne zancen nono. A nan kowa likita ne, har wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Yaro ya yi kuka, nononki ba ya isarsa. Ya yi gudawa, nononki ba kyau, a jiƙa mata magani. Bai yi ƙiba ba, ai ruwa-ruwa ne. Ya yi ƙiba, a rufe shi kada baki ya kama shi. A da har dakashi, nonon farko mai kauri da ya fi kowanne amfani, matsewa ake a zubar, kuma har yanzu ba a rasa masu yi ba. Ta je asibiti ma'aikaciya ta ja mata kunne, nono zalla har wata 6, ko ruwa kada ki ba shi. Ta dawo gida uwar miji ta riƙe baki, a wannan zafin na bazara za ki hana min jika ruwa, so kike ki kashe shi? Gaba kura baya sayaki. In ta bi asibiti ta raina manya, in ta bi manya ta sha faɗa ranar awo. Ga kan nono ya tsage, duk kamun da yaro zai yi sai ta cije leɓe, ba ta da wanda zai nuna mata yadda ake gyara masa kamu, sai dai a ce haka kowa ta yi.

Masana sun lura wahalar shayarwa da ciwon damuwar nan suna jan juna. Wadda shayarwa ta zo mata da wahala, alhali ta ƙwallafa rai a kai, ta fi saurin faɗawa damuwa, wadda kuma damuwa ta kama ta fi saurin yanke shayarwa. Tashin hankali da fargaba kan hana nono sakin jiki ya zubo, to ku duba, gorin da muke yi mata don nono ya ƙi zuwa shi ne ke ƙara riƙe shi. An bar jaki ana dukan taiki. Kuma abin ba ya tsayawa a kanta. Binciken da aka yi a Pakistan da Indiya ya nuna 'ya'yan uwayen da ke cikin wannan hali sun fi yawan ramewa da rashin girma yadda ya kamata. Mu da ke fama da tamowa a garuruwanmu, wannan magana ce da ta shafe mu kai tsaye.

Kafin ta farfaɗo kuma wani cikin ya shiga, sai mu koma yi mata dariyar kunika, a yaye na hannu ba shiri don wai nonon ya gurɓace, mu manta cewa ba ita kaɗai ta yi cikin ba.

Maza, kada ku gyara zama ku ce hirar mata ce. Mun san ku. An sayi rago, an raba goro da dabino, an ɗora hoton jariri a WhatsApp ana karɓar barka, shi ke nan an sauke farali, sai majalisa har sha ɗayan dare. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu, kuma ina so a tambayi waɗanda suka karɓa dare nawa suka riƙe jariri matar ta runtsa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta yi maganar shayarwa shekara biyu, ita ce dai ta ɗora wa uba ci da tufatar da mai shayarwar, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Mukan haddace rabin farko mu tsallake na biyu. Cikin abubuwan da bincike ya fi nanatawa a kan ciwon nan, a kowace ƙasa aka duba, akwai rashin goyon bayan miji, da zagi ko duka, da talauci. Na ƙarshen ba laifin kowa ba ne, mun ga yadda kwanon masara ya koma, mun san magidancin da ke fita da asuba ya dawo hannu rabbana. Amma sannu ba a saye ta a kasuwa, kuma ɗaukar yaro na awa biyu bayan sallar asuba bai taɓa rage wa kowa girma ba. In mai gida da miji da tsohuwa a kusa tana shan wannan, a tuna da wadda ta haihu a sansanin gudun hijira a Borno, ko wadda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu a Zamfara ko Katsina, ta sauka a kangon mutane ba uwa ba miji.

Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har muka yarda akwai matsala, to mun san inda muke nufa. Iska ce ta shafe ta, ai an ce kada ta shiga banɗaki da magariba. Ko sammu ne, kuma kowa ya san wadda ake zargi ba sai an faɗi suna ba. A kawo hayaƙi, a kawo rubutu, a kira mai ruƙiyya. Addu'a takobin mumini ce, ba mai musun wannan, kuma mai jego na bukatarta fiye da kowa. Sai dai mu ɗin nan, in zazzaɓi ya kama yaro, addu'a muke yi muna tafiya kemis. Me ya sa a nan kaɗai muke tsayawa a rabi? Dalilin ba ɓoyayye ba ne, tsoron suna ne. Kada a ji an kai wance asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko Kware, ko Barnawa, a ce gidan su wane akwai taɓin hankali, wa zai auri ƙannenta? Najeriya ta sauya tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, amma dokar da ke bakin 'yan unguwa ba ta san an yi ba.

Masu cewa ƙarancin imani ne ke sa mai jego baƙin ciki, su koma Suratu Maryam. Nana Maryam, wadda aka fifita a kan matan duniya, da naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, har fatan mutuwa ta yi. Ba a tsawata mata ba, ba a ce ta yi butulci ba. Rarrashinta aka yi, aka nuna mata ruwa, aka ba ta ɗanyen dabino, aka ce ta kwantar da hankalinta. Muna karanta wannan a tafsirin azumi kowace shekara, mu share hawaye, mu dawo gida mu ce wa tamu ta rufe mana baki.

Abin daɗin shi ne ciwon yana jin magani, kuma mafi yawansa ba ya bukatar gadon asibiti. Tun 1987 likitoci a Edinbura suka tsara wasu tambayoyi goma da ma'aikaciyar lafiya za ta yi wa mai jego cikin minti biyar ta gane ko akwai matsala. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Atif Rahman da abokan aikinsa sun koya wa mata ma'aikatan lafiya na unguwa yadda za su riƙa zama da uwaye suna saurarensu suna warware musu tunani, aka buga sakamakon a 2008, ya yi kyau har Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa. A nan gida, Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya gwada irin wannan a ƙananan asibitocin jihar Oyo da ma'aikatan da ke wurin. Inda ake bukatar ƙwaya kuma, akwai wadda likita ke ba mai shayarwa ba tare da an cire yaro daga nono ba, don haka tsoron a ce a yaye shi bai kamata ya hana kowa zuwa ba. Muna kai jariri rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14, a auna shi, a ɗiga masa, a cika kati. Uwar da ta goyo shi tana tsaye a wurin duk sau ukun, kuma ko ba a tambaye ta ba tana da damar ta ce, Sista, ni ma ba ni da lafiya.

Kuma in za a yi adalci, muna da abin da wasu ƙasashen ke nema da kuɗi. Tafiya wankan gida, tsohuwar da ke tarewa kwana arba'in, maƙwabciyar da ke aiko da tuwo, ƙanwar da ake turowa raino, duk kariya ce babba, shi ya sa abin ya fi tsanani ga amaryar da aka kai wani gari, tana bene ita kaɗai a bayan get, daga ita sai waya. Taron muna da shi. Abin da ya rage shi ne cikin masu shiga da fita a sami mutum ɗaya, yayarta ko gwaggonta ko aminiyarta, da za ta jira ɗaki ya watse, ta karɓi yaron, ta ce ƙanwata, bar zancen lafiya lau, kina samun barci kuwa, me ke damun ki? Ta kuma iya yin shiru ta ji amsar har ƙarshe, ba wa'azi, ba labarin nata jegon, sannan kada maganar ta riga ta isa gida. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka muke cewa a gidan biki. A sake komawa bayan yawon arba'in ma, lokacin da tsohuwa ta ɗaure kayanta ta tafi, kowa na cewa jego ya karɓe ta ta yi ɓulɓul, don a daidai nan ne da yawa suke faɗawa.

Akwai kuma nau'in da ba ya jiran shawara, wanda kan sami mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, yawanci a makonnin farko. In mai jego ta kwana biyu ba ta runtsa ba kuma ba ta jin gajiya, tana sambatu, tana jin muryoyi ko ganin abin da ba kowa ke gani ba, ko ta ce gara ta mutu, ko tana tsoron za ta yi wa jaririn wani abu, to ba a barin ta ita kaɗai da shi ko na minti ɗaya, ba a kuma jira maigida ya dawo daga tafiya ko a ga abin da hayaƙi zai yi zuwa jibi. A nemo mai a-daidaita-sahu ko da tsakar dare ne, mace biyu su raka ta, ɗaya ta riƙe yaron, a nufi babban asibiti mafi kusa.